Ƙwayar da Aka Haɗiya da Ƙarfen da Ya Isa Jini: Nazarin Lamarin Wata Mai Ƙaramin Ciki

Halin da ciki ya same ta

Matar tana da shekara 27, wannan ne cikinta na biyu. Ya shiga ne ɗanta na fari yana da wata 13, ba ta ma yaye shi ba. A haihuwar farko ta zubar da jini fiye da kima, ko da yake abin bai kai ga a yi mata ƙarin jini ba. An sallame ta da ƙwayoyin ƙarin jini, ta sha na mako guda, da ta ji ƙarfin jikinta ya dawo sai ta ajiye sauran. Al'adarta ta dawo a wata na bakwai bayan haihuwa, kuma tana zuwa da yawa: kwana bakwai, ukun farko da gudaji. Kowace mililita ɗaya ta jini tana fita da kusan rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, don haka wata shida na irin wannan al'ada ba ƙaramin giɓi ya bari ba.

Hatsi ne mafi yawan abincinta, sai wake jefi-jefi, nama ko kifi sau ɗaya ko biyu a mako. Tana shan shayi mai kauri da madara tare da karin kumallo, ta sake sha da zarar ta gama abincin dare. Ba ta da ciwon suga, ba ta da hawan jini. Ba ta sha folik asid (bitamin da ake ba masu ciki) kafin cikin ba, domin ya zo ba shiri.

Duk makonnin da za a ambata a nan daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake ƙirga su, kamar yadda ake yi a wurin awo.

Mako na 6 zuwa na 8: komai laulayi ne

Kasala ce ta fara zuwa, sai jiri idan ta miƙe da sauri, sai haki idan ta hau bene hawa ɗaya. Tashin zuciya na safe ya biyo baya. Ita da mutanen gidan duk suka ce laulayi ne, zai wuce. Akwai abubuwa biyu da laulayi ba ya bayanin su, amma ba wanda ya lura. Na farko, ta tsiri tauna ƙanƙara, takan cika kofi ta zauna tana ci ƙurus-ƙurus sau uku ko huɗu a yini. Na biyu, da dare ƙafafunta ba sa barin ta ta yi barci, sai ta yi ta motsa su kafin ta samu sauƙi. Duka biyun sanannun alamu ne na ƙarancin ƙarfe a jiki.

Da kanta ta sayi wani tonik na ruwa. Da aka duba takardar kwalbar daga baya, cokali ɗaya bai kai miligiram 10 na ƙarfe ba. Ta kuma ƙara shan madara saboda ta ji an ce tana ƙara jini. Madara ba ta da wani ƙarfe na a zo a gani, kalsiyam ɗin da ke cikinta kuma yana rage abin da hanji zai tsotsa daga abincin da aka haɗa ta da shi.

Mako na 8: awon farko

Ungozoma ta ja fatar ƙasan idonta, ta ga cikin ya yi fari, haka ma tafin hannu. Bugun zuciya 98 a minti ɗaya tana zaune. Sakamakon gwajin jini ya nuna himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa a cikin jini) 9.8 g/dL, girman jajayen ƙwayoyin jini 74 fL, feritin (ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye) mikrogiram 9 a lita. Rukunin himogulobin ɗinta AA ne. Ba a ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba, ba a ga ƙwan tsutsa a bayan gida ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mai ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobin ya gaza 11 g/dL a wata ukun farko. Ƙasa da 7 shi ne mai tsanani. Ƙwayoyin jini da girmansu ya gaza 80 fL sun ƙanƙance, abin da ake yawan gani ke nan idan ɓargo ya rasa ƙarfen da zai cika su. Amma wasu cututtukan jini na gado ma suna ƙanƙantar da su, shi ya sa aka duba rukunin himogulobin ɗinta kafin a yanke hukunci. Feritin kuwa shi ne ma'aunin rumbun ajiya. Hukumar ta sa iyakar a 15 ga mai ciki a wata ukun farko, ƙungiyar likitocin jini ta Birtaniya kuma tana fara magani tun daga ƙasa da 30. Kumburi ko zazzaɓi na iya ɗaga feritin ya yi kamar lafiya lau alhali rumbun fanko ne, amma idan ya fito ƙasa, to babu tantama.

Ga lissafin da ke bayan waɗannan lambobi. Ciki ɗaya, daga shigarsa zuwa haihuwa, yana cin kusan miligiram 1,000 na ƙarfe: wajen 300 ga jariri da mabiyiya, wajen 450 zuwa 500 domin ƙarin jajayen ƙwayoyin jinin uwa, sauran kuma abin da jiki ke zubarwa yau da kullum. Sai dai buƙatar ba a shimfiɗe take daidai ba. A wata ukun farko jiki na buƙatar tsotsar kusan miligiram 0.8 kacal a rana, ƙasa da na macen da ba ta da ciki, tunda al'ada ta tsaya, ɗan tayi kuma ko a mako na 12 tsawonsa bai wuce santimita 5 zuwa 6 ba. A wata uku na tsakiya buƙatar kan hau zuwa miligiram 4 ko 5, a na ƙarshe ta haura 6. Abinci shi kaɗai da wuya ya kawo wannan adadi, saboda haka jiki kan koma rumbu ya ɗiba. Ana son mace ta shiga ciki da ajiyar aƙalla miligiram 300. Kowane mikrogiram ɗaya na feritin yana daidai da wajen miligiram 8 zuwa 10 na ajiya, ke nan wannan matar ba ta da ko miligiram 100.

Likita ya rubuta mata feros salfet mai miligiram 200, ƙwaya ɗaya safe da yamma. Lambar da ke jikin kwali nauyin gishirin maganin ne gaba ɗaya, tsantsar ƙarfen da ke cikin kowace ƙwaya miligiram 65 ne. Biyu a rana sun zama 130, kusa da miligiram 120 da Hukumar ta ba da shawara a ƙa'idojinta na awon ciki na 2016 ga wadda aka tabbatar tana da ƙarancin jini. Ga mai ciki da jininta ke daidai, miligiram 30 zuwa 60 ne a rana domin rigakafi. An haɗa mata da folik asid mikrogiram 400 kullum. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yakan rufe wajen mako na 6, don haka babbar fa'idarsa ta kare wannan bututu ta riga ta wuce ta, amma har yanzu ɓargo na buƙatarsa wajen ƙera jini. An ba ta ƙwaya 56, an ce ta dawo bayan mako huɗu.

Mako na 8 zuwa na 12: magani ya ƙi zama, an koma ga abinci

Maganin ya faɗo daidai lokacin da laulayi ke kan ganiyarsa, wato wajen mako na 9. Ta sha kwana biyar a jere. Ƙwayar safe takan dawo da amai cikin rabin awa, ta yamma kuma ta bar mata ƙwannafi da ɗanɗanon ƙarfe a baki. A kwana na huɗu bayan gida ya yi tauri, ya kuma yi baƙi. Baƙin ne ya fi tsorata ta, domin ba wanda ya gaya mata cewa ragowar ƙarfen da hanji bai tsotsa ba ne, kuma ba shi da illa. Ta daina.

Bayan kwana goma, da jirin ya ƙaru, ta koma sha jefi-jefi, amma da dabararta: tana kora ƙwayar da shayi mai madara don kada ta ji ɗanɗanon, sannan ta bi ta da cokalin farin maganin ƙwannafi.

A tsakanin nan maigidanta ya yanke shawarar a gyara abin da abinci. Aka shiga dafa mata hanta sau uku a mako, da alayyafo kusan kullum.

Lambobin abinci ba su goyi bayan wannan shiri ba. A ma'aunin Amurka mai ciki na buƙatar miligiram 27 na ƙarfe a abincin yini, maimakon 18 na macen da ba ta da ciki, kuma wannan ga wadda rumbunta ke da kaya ne. Giram 100 na dafaffen naman saniya yana da wajen miligiram 2.5. Dafaffen wake ma kusan haka. Ƙwai ɗaya bai cika miligiram ɗaya ba. Sannan abin da ke cikin kwano daban, abin da ke isa jini daban. Ƙarfen nama da kifi, wanda ke ɗaure a cikin jini da tsokar dabba, hanji na tsotsar kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa, kuma abin da aka ci tare da shi bai cika dame shi ba. Na tsirrai kuwa tsakanin kashi 2 ne zuwa 20, gwargwadon abokan tafiyarsa. Bitamin C yana ɗaga shi, ɗan nama a cikin abincin ma haka. Sinadarin faitet da ke cikin dusar hatsi da ɓawon wake yana riƙe shi, kalsiyam na rage shi, kofin shayi a kan abinci kuma yana iya kwashe fiye da rabi. Alayyafon da ake ta yabo yana da ƙarfe a kan takarda, amma kaɗan ne ke wucewa bangon hanji.

Hanta tana da ƙarfe sosai, matsalarta wani wuri take. Giram 100 na hantar saniya ya zarce IU 10,000 (ma'aunin bitamin) na bitamin A, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa mai ciki a rana ɗaya. Yawan irin wannan bitamin A na jikin dabba a makonnin da gaɓoɓin ɗan tayi ke ginuwa yana da alaƙa da nakasa, shi ya sa hukumomin lafiya na Birtaniya ke cewa mai ciki ta bar hanta gaba ɗaya. Na karas da ganyaye ba ya cikin wannan gargaɗi.

Mako na 12: ƙirga ƙwayoyi

Himogulobin ya sauka zuwa 9.4. Idan magani na shiga yadda ya kamata, ana sa ran ƙarin kusan giram 2 cikin mako uku zuwa huɗu. Da aka tambaye ta ko tana shan maganin, ta ce tana sha. Ungozomar ta sauya tambayar: "Hajiya, a cikin kwana bakwai, kwana nawa yake samun shiga?" Nan ta yi shiru, sannan ta ce, "Malama, gaskiya ba kullum ba. Ina haɗiya zuciyata ke tashi, sai na kora da shayi yake zama." Ta fito da ledar maganin daga jaka. Cikin 56, saura 37. Ta haɗiye 19, shida daga ciki sun dawo da amai, mafi yawan sauran kuma sun tafi tare da shayi, madara da maganin ƙwannafi. Ƙarfe yana buƙatar tsamin ruwan tumbi kafin ya narke a tsotse shi a farkon ƙaramin hanji, maganin ƙwannafi kuwa aikinsa ke nan ya kashe wannan tsami.

An auna hanyoyi huɗu. Ƙarin jini bai taso ba, tunda tana sama da 7 nesa ba kusa ba, kuma zuciyarta ba ta nuna gajiya ba. Ƙarfen da ake ɗaurawa ta jijiya ba a ba da shi a wata ukun farko, sai daga na biyu, don haka aka ajiye shi a matsayin mataki na gaba idan na baki ya sake gazawa. Ƙwayoyi masu rufi da ke narkewa a hankali sun fi sauƙi ga tumbi, amma sauƙin nasu ya samo asali ne daga sakin ƙarfen bayan an wuce wurin da ake tsotsarsa, sai aka bar su. Saura hanya ta huɗu, a rage yawan maganin a kuma gyara lokacin shansa.

Dalilin ragewar yana komawa ga wani sinadari da hanta ke fitarwa mai suna hefsidin, wanda shi ne mai gadin ƙofar ƙarfe a hanji. Idan aka sha miligiram 60 ko fiye, hefsidin yakan tashi ya tsaya a sama har kusan awa 24, ya rage abin da za a tsotsa daga ƙwaya ta gaba. Binciken da aka yi a Zurich ta ƙasar Siwizalan a 2015 da 2017 ya nuna cewa raba magani safe da yamma yana ƙara hefsidin ba tare da ƙara tsotsa ba, kuma shan sa rana ɗaya a tsallake ɗaya yana ɗaga kason da ke shiga. A kan mata marasa ciki aka yi wannan bincike. Ga masu ciki, ƙa'idar likitocin jini na Birtaniya ita ce miligiram 40 zuwa 80 sau ɗaya da safe kafin a ci komai, a koma tsallaken rana idan tashin zuciya ya hana.

Sabon tsarin da aka rubuta mata a bayan katin awo shi ne ƙwaya ɗaya mai miligiram 65, rana ɗaya a tsallake ɗaya, da la'asar lokacin da zuciyarta ta fi kwanciya, awa biyu bayan abincin rana, da ruwa ko ruwan lemo. Safe ya fi kyau a ƙa'ida domin hefsidin yana ƙasa a lokacin, amma ƙwayar da aka amayar ba ta da lissafi. Folik asid kullum, a ware. Shayi ya koma aƙalla awa ɗaya bayan abinci, awa biyu daga ƙwayar, haka ma madara da maganin ƙwannafi. Likita ya ƙara mata bitamin B6 domin tashin zuciya, da laktulos, maganin sassauta bayan gida, idan ruwa, 'ya'yan itace da ganye ba su sassauta bayan gida ba. An daina hanta. A madadinta, ɗan nama ko kifi ko da yanka biyu ne a cikin abincin rana, wake a jiƙa shi ya kwana kafin a dafa domin faitet ya ragu, a kuma rufe abinci da lemo ko ɗanyen tumatir. An ja kunnen maigidan a kan ajiye ƙwayoyin inda ɗan nasu ba zai kai ba, domin 'yan ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro, kuma a ido kamar alewa suke.

Mako na 14 zuwa na 28

A mako na 14 himogulobin ya kai 9.9. Ta sha duka ƙwaya bakwai, ba ta amayar da ko ɗaya ba. Cin ƙanƙara ya tsaya tun cikin kwana goman farko, kafin lambar jini ta motsa sosai, haka kuma aka saba gani. Laulayi ya lafa, sai aka mayar da ita ƙwaya ɗaya kullum da safe, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo.

Mako na 17 ya ba da 10.8, na 20 kuma 11.3. Hawan bai kai saurin da ke cikin littafi ba, amma a wannan tsakanin ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, jajayen ƙwayoyi kuma da wajen kashi 20 zuwa 30 kawai, sai jinin ya tsinke. Saboda haka ne iyakar ƙarancin jini take sauka zuwa 10.5 a wata uku na tsakiya. A mako na 28 himogulobin 11.1 ne, girman ƙwayoyi 84 fL, feritin 24. Ba a dakatar da magani ba, domin himogulobin ne ke fara gyaruwa, rumbu sai daga baya, kuma jariri yana kwasar mafi yawan ajiyarsa ne a wata ukun ƙarshe, ajiyar da za ta riƙe shi wata huɗu zuwa shida bayan haihuwa.

Haihuwa da bayanta

A mako na 36 himogulobin 11.6. Ta haihu da kanta a mako na 39, jaririya mai kilo 3.1. Jinin da ta zubar bai kai mililita 500 ba. Washegari himogulobin 10.7. Ta ci gaba da ƙwaya ɗaya kullum har wata uku bayan haihuwa, inda aka samu himogulobin 12.6 da feritin 41.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Ciki bai jawo mata ƙarancin ƙarfe a mako na 8 ba, tunda a lokacin buƙatarsa ba ta kai ta al'ada ba ma. Ya tarar da rumbun a bushe ne, saboda zubar jinin haihuwar farko, maganin da aka ajiye bayan mako guda, al'ada mai yawa, da gajeriyar tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, ita kuwa wata 13 ta samu.

Maganin farko bai saɓa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ba, amma an rubuta shi ba tare da la'akari da cewa tana tsakiyar laulayi ba. Kuskuren da ya fi tsada shi ne na bayani: ba a faɗa mata bayan gida zai yi baƙi ba, ba a tambayi da me za ta kora ƙwayar ba, kuma an ba ta mako huɗu alhali dubawa a mako na biyu da ta tona matsalar. Wata guda ya tafi a banza a daidai lokacin da ya fi sauƙin cike giɓi, gabanin buƙata ta ninka sau biyar. Ƙarancin jini a farkon ciki yana da alaƙa da haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi, don haka wannan jinkiri ba ƙaramin kasada ba ne, ko da yake ita ta tsallake.

Tonik ɗin ya yi rauni, madarar ta ƙara dagula lissafi, hantar kuma ta kawo haɗarin da ya fi amfaninta. Gyaran abinci ya taimaka, musamman raba shayi da kwano, amma ba shi ya ɗaga jinin ba. Yankan nama mai giram 100 yana kai wa jini wajen rabin miligiram, ƙwaya ɗaya a tumbin da babu komai kuma tana iya kai miligiram 6 ko fiye ga wadda rumbunta ya bushe. Tsallaken rana shi ma ba za a ce shi ne gwarzon ba, domin an sauya abubuwa da dama a lokaci guda, laulayin kuma yana kan hanyar lafawa da kansa. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne ƙwaya bakwai da suka zauna cikin mako biyu sun yi abin da sha tara ba su yi ba cikin mako huɗu.

Abu ɗaya bai warware ba. Yawan jinin al'adarta ba a taɓa bincikar sa ba, kuma idan ta dawo yadda take a da, feritin 41 ba zai daɗe ba. An rubuta mata ganin likitan mata da zarar al'adar ta dawo, da sake gwajin feritin da fara folik asid wata uku kafin ta nemi wani cikin.